Ranar da Motar Babanku ta Kafe a Bakin Kogi

Akwai maganar da kuka daɗe kuna yi a bayan idona, wani lokacin ma a gabana, wai ni na hana babanku zuwa ganin teku. Rifkatu ta maimaita ta a wurin makokinsa, tana kuka tana dariya, ta ce Baba ya gina gida a cikin mota da hannunsa, Mama ta ce ko ƙofar gida motar ba za ta fita ba. Jama'a suka yi dariya, ni ma na taya su, don ranar ba ta gardama ba ce. To yanzu alƙalami yana hannuna, babu mai katse ni, sai ku natsu ku ji yadda aka yi.

Babanku Yohanna direba ne tun kafin ya aure ni, kuma bai taɓa yarda akwai wani aiki a duniya da ya kai tuƙi daraja ba. Ya yi wa wani kamfani a Kudenda tuƙi har furfura ta cika masa kai. Yakan kai kaya Legas ya dawo, kuma duk dawowa sai ya ba ni labarin teku, wadda yake hangowa daga kan gada bai taɓa sa ƙafa a cikinta ba, don mota da kayan mutane ba a barinsu a titi a tafi wasan ruwa. Da lokacin ajiye aikinsa ya yi, sai kamfanin ya haɗa masa da tsohuwar bas ɗin da ake kwasar ma'aikata, aka ce ladan amana ce. Ni da na ga an turo ta cikin gidanmu na Mahuta, ana turawa tana tari, na ce wannan ladan ya fi kama da hukunci. A lokacin duk kun watse, Ishaku yana Abuja, Rifkatu tana gidan mijinta a Jos, Briskila tana karatu a Zariya, saboda haka ni kaɗai na sha kallon abin da ya biyo baya.

Ya ce zai mai da bas ɗin gida. Za mu kwana a ciki, mu yi girki a ciki, mu tafi a hankali har Legas, ya kai ni bakin teku in gani da idona. Ya ɗauko abokinsa Oga Okey, wani bakanike Ibo da ke da gareji a Kakuri, suka cire kujeru, suka gyara inji, suka kafa kabad da wurin risho. Har nan ban ce komai ba, don namiji da ya bar aiki gara ya sami abin da zai riƙe da ya zauna yana ƙirga min gishirin miya. Amma wata rana na dawo daga kasuwar Sabon Tasha na tarar da birkila a cikin mota yana kwaɓa siminti. Babanku ya ce ɗakin da ba daɓe ba ɗaki ba ne, matarsa kuma ba za ta taka ƙarfe da sassafe ba. Aka yi wa mota daɓe, aka shimfiɗa tayil mai ruwan toka irin na falon fasto. Oga Okey ya riƙe kai ya ce nauyin nan zai kashe motar, babanku ya ce masa ya yi ta kansa da inji, sha'anin gini ba nasa ba ne. Bayan tayil sai durom na ruwa, sai buhun gawayi, sai turmi da taɓarya, don a cewarsa ba ya cin sakwarar kan hanya. Daga ƙarshe na shiga ɗakina na ga fili inda gadona yake. Gadon aurena ne, na madaci, wanda mahaifina ya sa kafinta ya yi min a ƙauyenmu, kuma a kansa na yi jegon ku duka. Suka kwance shi suka sake ɗaura shi a cikin mota ba tare da ko sallama ba.

Duk wannan ba shi ne damuwata ba. Abin da ke hana ni barci idanunsa ne. Tun kafin ya bar aiki na lura yana zuba shayi rabi a kofi rabi a tebur. Ya gai da matar maƙwabcinmu da sunan wata daban. Littafi Mai Tsarki sai ya kai shi dab da hanci, daga baya ya daina buɗewa, ya ce ai ya haddace. Na ce mu je asibitin ido, ya ce idon da ya kai tirela Legas ya dawo ba zai je yara su haska masa tocila ba. Na ce to a sami direba, ya dube ni kamar na zage shi. Ya sa ranar tafiya bayan Ista, ni kuwa in na tuna hanyar Abuja da manyan motocin da ke fitowa daga Gonin Gora sai in kama addu'a. Ban gaya muku ba, don na san Ishaku zai zo ya karɓe makulli, kuma da an yi haka da babanku bai sake ɗaga kai a gidan nan ba.

Ana haka sai ikilisiyarmu ta sa baftisma a ranar Asabar kafin Ista, a bakin kogi ta bayan Kudenda, inda 'yan yashi ke loda wa tipa. Kullum matsalar wurin ita ce matan da aka yi wa baftisma ba su da inda za su canza kaya, sai mu 'yan zumuntar mata mu kewaye su da zannuwa. Babanku, da yake dattijon ikilisiya ne, ya miƙe a taro ya ce bana an huta da riƙe zani, ga ɗaki zai kawo har bakin ruwa. Aka tafa masa. Na san ba tausayin mata ne ya tashe shi ba, so yake a ga tayil.

Ranar muka biya coci muka kwashi tsofaffin zumunta, har da shugabarmu Mama Ladi, wadda ita kaɗai ta isa a ce mota ta yi lodi. Aka ɗora kulolin shinkafa da jarkokin kunu. Muka bi hanya a hankali, ina gefensa ina addu'a a zuci, duk mai babur da ya gifta sai na danne birkin da babu shi a ƙafata. Da muka gangara bakin kogi sai na hango hanyar tipa ta yi hagu, ƙasa a daddanne, a dama kuma 'yan yashi sun kakkafa sanduna sun ɗaura musu jajayen tsummoki, alamar nan sun haƙa sun bar rami yashi ya cike shi. Ko yaro ya gani ya san ba a bi. Babanku ya saita hancin mota sai tsakiyar sandunan.

"Baban Ishaku, ga sanduna can," na ce masa.

"Ina?"

Kafin in nuna mun shiga. Motar ta yi luu, ta ɗan karkata, ta tsaya cak. Maimakon ya kashe ta ya sauko ya duba, sai ya ba ta wuta. Tayoyin baya suka shiga tono, yashi yana tashi sama yana zubo wa mawaƙa da ke jere da fararen riguna. Ya sa ribas, ya sake ba ta wuta. Ya mai da giya ɗaya, ya ƙara. Kowace wuta motar sai ta ƙara zama, har cikinta ya kwanta a kan yashi, warin ƙonewar kulocin mota ya cika wurin. Ina ce masa ya bari, yana ce min ya fi ni sanin mota. Wannan gaskiya ne, ya fi ni sanin mota, amma ni na ga sanduna.

Daga nan kowa ya zama injiniya. Sakataren coci ya ce a turo ta baya, mai kaɗa ganga ya ce a'a gaba, wani ya ce a zuba ruwa a ƙarƙashin taya, aka zuba, abin da ya rage na ƙarfin ƙasar ma ya narke. Matasa suka kama turi, rabi daga gaba rabi daga baya, suna ture juna da mota a tsakiya. Duk wannan ana yi tsofaffin zumunta suna zaune a ciki a kan gadona. Na ce su sauko a rage nauyi, Mama Ladi ta ce yashi da zafi, ƙafarta kuma ba ta son zafi, ai ba su suka kafe motar ba. Fasto yana tsaye cikin ruwa zuwa ƙugu, yana riƙe da kan wata yarinya, ya rasa ko ya nutsa ta ko ya jira hayaniya ta lafa. Daga baya ya ci gaba da aikinsa, matan kuma muka kewaye su da zannuwa kamar kowace shekara, ga ɗakin canza kaya can a karkace.

Wani direban tipa ya ji tausayinmu ya ce zai ja mu, amma ba zai matso ba don kada shi ma ya kwana a nan. Aka haɗa sarƙa da igiya aka ɗaura a bambar gaba. Ya ja, aka yi ihu, bambar ta fita ita kaɗai ta bi shi tana tsalle a kan yashi, motar ko motsi ba ta yi ba. Ya sauko ya ba mu haƙuri ya miƙa wa babanku bambarsa. Kafin ya tafi ya nuna mana kogi ya ce mu dubi launin ruwan, ya fara ja, alamar an yi ruwan sama can ta inda kogin ya taso, kuma inda muke tsaye in kogi ya kawo nan yake fara cinyewa. Su ma lodin ƙarshe suke yi su tashi. Na ɗaga kai na ga gabas ta haɗa baƙi. Na dubi babanku yana tsaye da bamba a hannu, rigar dattawan coci ta jiƙe da gumi, sai haushin da nake ji ya gauraye da tsoro.

Aka kira Oga Okey a waya, ya iso a kan acaɓa da jak da guduma. Ya zagaya motar yana tsaki. Ya ce a sauke komai, kuma shi bai san tsohuwa ba, ya san nauyi. Da Hausarsa ta Kakuri da Turancinsa na kasuwa ya sauko da Mama Ladi, abin da ni na kasa. Aka shiga fito da kaya ana jerawa a kan yashi a gaban ikilisiya da 'yan yashi da masu wanki. Ga turmi, ga tukwanena masu baƙin gindi, ga katifa da tabonta, ga fo ɗin da babanku ya saya don dare, wanda wani saurayi ya ɗago yana tambayar ina za a ajiye. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni ban zo wanka ba, baftismar 'ya'yan wasu na zo. Matan da na yi shekaru ina zama da su a layin gaba suna leƙa tukwanena suna kawar da kai.

A nan dai babanku ya dawo cikin hankalinsa, ya zama direban da na sani. Ya ce a kwance durom a zubar da ruwan, a rage wa tayoyi iska har su baje, a haƙe yashin da ke gabansu da na ƙarƙashin cikin motar. 'Yan yashi suka ba da aron shebur, wasu ma suka kama haƙan da kansu. Aka zo ɗaga mota, jak ya nutse. Ana bukatar katako a ɗora jak, ana bukatar wasu a shimfiɗa wa tayoyi su hau, ga shi bakin kogi ne, ko ice mai kauri babu. Aka gwada tabarma, taya ta nannaɗe ta ta tofar. Oga Okey ya ɗauki guduma ya ce to abu ɗaya ya rage, a fasa daɓen, a huta da nauyinsa, a zuba ɓaraguzan a ƙarƙashin taya, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Babanku ya je ya tsaya a ƙofar mota ya ware hannuwa.

"Oga Yohanna, abeg ka matsa," in ji Oga Okey. "Ruwa yana zuwa. Tayil kake so ko mota?"

"Ba za a fasa ba."

Bai ɗaga murya ba. Fasto ya yi masa magana, dattawa suka yi, ya ƙi matsawa. Ni kuwa na san abin da ke ransa. Shi ya zauna a ƙasa ya goge tayil ɗin nan ɗaya bayan ɗaya yana shafawa da tafin hannu, kuma tun da ya bar aiki shi ne abu na farko da ya yi aka ce masa sannu. An riga an yi masa dariya yau ta ishe shi shekara. In aka sa guduma a gaban mutanen nan, ba siminti kaɗai za a fasa ba. Na dubi kogi, ya taɓo sandar farko. Na dubi cikin mota, ba abin da ya rage sai gadona, don ya fi ƙarfin ƙofa sai an kwance shi. Wallahi raina ya ɓaci, har na ji kamar in tattara tukwanena in hau acaɓa in bar shi da tayil ɗinsa kogi ya raba su. Amma na ji bakina yana cewa a kwance gadon.

Oga Okey ya tambaye ni ko na tabbata, na ce ya yi sauri kafin in sake tunani. Aka fito da allunan madaci, waɗanda ko ƙwaro bai taɓa ci ba. Aka ɗora jak a kan allon kai, mai zanen fure, aka ɗaga gefe ɗaya aka cusa dogayen katakan a ƙarƙashin taya, aka koma ɗaya gefen. Sauran aka jera su gaba kamar tsani. Oga Okey ya ce shi zai tuƙa, babanku ya ce motarsa ce. Da babanku zai hau sai ya kama hannuna ya ja ni gefe, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ki je ki tsaya inda ƙasa take da ƙarfi. Ki cire ɗankwalinki ki riƙa kaɗawa sama."

Ban tambaye shi dalili ba. Na je na tsaya a kan hanyar tipa, ni matar dattijo, kai ba ɗankwali, ina kaɗa shi kamar mai korar tsuntsu a gonar shinkafa. 'Yan zumunta suka ɗaure zannuwa suka sa kafaɗa a bayan mota, Mama Ladi ta ɗauko waƙa, matasa da 'yan yashi suka kama gefe. Wannan karon ya ba ta wuta a hankali. Na ji ƙarar katako na farko ya tsage, sai na biyu, motar ta yi gurnani ta ɗago, ta hau, ta taho tana layi ta nufo ni. Ban matsa ba sai da ya zo dab, don na ga ɗankwalin yake bi ba hanya ba. Da tayoyin suka taka ƙasa mai ƙarfi aka ɓarke da guɗa da Halleluya, sababbin masu baftisma suna rungumar juna da yashi har cikin gashi. Ni na koma na tsaya a kan ragowar gadona. Allon kai ya rabe biyu, sauran sun zama itacen girki, wasu ma sun nutse ba a gan su ba.

Ana gama mai da kaya ruwa ya sauko. Jama'a suka watse neman mafaka, Oga Okey ya tafi neman mai famfo a ƙara wa tayoyi iska, aka bar mu mu biyu a gaban mota, ruwa yana dukan rufin. Na shirya maganganu tun daga siminti har zuwa fo, na jera su, ina jiran ya buɗe baki in sauke masa. Ya dafa sitiyari. Sannan ya kira ni da sunana, abin da bai yi ba tun haihuwar Ishaku.

"Saratu, ban ga sandunan nan ba. Har muka shiga ban gan su ba."

Na ce na sani.

"Ba zan iya kai ki Legas ba." Ya goge fuska. "Kada yaran su ji. Kada 'yan coci su ji. Ki ce ke kika ce ba za ki ba."

Ku duba min wannan mutum. Ya kafe mota, an baje asirina a bakin kogi, gadon ubana ya tafi, sannan laifin ma ni zan ɗauka in kai gida. Na buɗe baki in ce masa bai isa ba, sai na ga ya kifa kai a kan sitiyari. Na ce to. Da Oga Okey ya dawo na ce masa ya tuƙa mu gida ya ji lafiyar kuloci, babanku ya koma baya ya zauna a kan turmi bai yi musu ba.

Tun daga ranar motar ba ta sake fita ba, kun dai gan ta a gindin mangwaro. Asibitin ido ya yarda muka je daga baya a ɓoye, suka ce an makara, sai dai a rage saurin abin. Da makantar ta fito fili kuka ɗauka sabon ciwo ne, ba wanda ya haɗa ta da maganar teku. Duk Asabar yakan wanke motar, ya tayar da inji, ya shiga ya goge tayil. Duk baƙon da ya zo sai ya kai shi ya gani, ya ce da tuni sun je Legas sun dawo, Maman Ishaku ce ta ƙi. Ni kuma in ce e, ni ce. Ishaku ya yi min faɗa a waya, Briskila ta yi wata ba ta kira ni ba, 'yan zumunta suka sa min suna mai taurin kai. Na haɗiye, ina kwana a katifa a ƙasa, ina tashi da ciwon baya.

Abin da ban shirya masa ba shi ne ya yi ta faɗa har shi ma ya yarda. A shekararsa ta ƙarshe, lokacin ko hasken ƙofa ba ya gani, wata rana da hantsi ya sa na kai shi cikin motar. Mu biyu ne, babu baƙo, babu ɗayanku, babu wanda za a ɓoye wa komai. Ya zauna a kujerar direba ya lalubo sitiyari, ya yi ajiyar zuciya.

"Maman Ishaku, da kin bari mun tafi a lokacin nan, da kin ga teku."

Na dube shi in ga ko wasa yake. Ba wasa yake ba, har da ƙwalla a idonsa. Gaskiyar ta zo min har baki, da sanduna da ɗankwali da gadona duka. Na gyara masa wuyar riga, na ce ya yi haƙuri, tsoro ne ya kama ni. Ya dafa hannuna ya ce ba komai, ya yafe min.